Wa Ake Yi Wa Dariya? Barkwancin Ƴar Aiki da Lokotoro a Yamai

Assalamu alaikum. In ka bi ta Bukoki ko Yantala bayan isha'i, da wuya ka wuce layi ba ka tarar da fada ba: samari a kan benci, butar shayi bisa garwashi, ana jiran na farko ya nuna. Kafin a kai ga na uku, wani ya saki labarin da zai sa kowa ya riƙe ciki. Yau za mu buɗe cikin irin waɗannan labarai, mu ga abin da ke ba mu dariya.

Ga wanda kusan kowa ya sani. Hajiya ta ɗauki sabuwar ƴar aiki, ta ja mata kunne: "Duk wanda ya yi sallama, ki ce ba ni nan." Can sai ga maƙwabciya ta zo karɓar zubin adashi. Yarinya ta durƙusa ta gaishe ta, ta ce: "Inna, Hajiya ta ce in gaya miki ba ta nan." Matar ta ce: "To ƴata, yaushe za ta dawo?" Sai yarinya ta juya wajen ɗaki, ta ɗaga murya: "Hajiya, wai yaushe za ki dawo?"

Ku tsaya ku duba wa ya ji kunya. Wasu in suna ba da labarin sai su ce ƙauyanci ne, ni kuwa ban yarda ba. Yarinyar saƙo aka ba ta, ta isar da shi yadda yake. Wadda asirinta ya tonu tana kwance ƙarƙashin fanka. Kuma mun san yaran nan. Da yawansu bayan kaka suke baro ƙauye, su yi wanke-wanke da shara da reno, in damina ta kawo kai su koma gona da ɗan abin da suka tara. A cikin gida ba su da bakin mai da magana, sai a cikin barkwanci suke kayar da uwar ɗaki.

Mu dai ƴan Nijar gadon raha muka yi. Bafulatani da Babarbare, Ba'are da Bafulatani, Bagobiri da Bazabarme, duk taubasai ne, har UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa wannan wasa cikin al'adun duniya a 2014. Amma taubashi in ka tsokane shi, nan take zai rama, har da riba. Ƴar aiki ba ta da wannan dama. Shi ya sa raina ke ɓaci in na ji ana kwaikwayon Hausarta ko tafiyarta, tana tsaye da tire a hannu.

Mu leƙa likita. A nan ƙasar, likita shi ne wurin, wato asibiti, mai duba ka kuwa lokotoro ne, kada ƴan'uwanmu na Kano su ruɗe. Wani dattijo ya zo da ciwon ciki. Lokotoro ya rubuta takarda, ya ce: "Baba, ka sha wannan sau uku a rana, bayan ka ci abinci." Dattijo ya juya takardar, ya sake juyawa, ya ce: "Ɗana, maganin na gane. Abincin nan na sau uku fa, a wace farmasi ake karɓarsa?"

Ana dariya, amma kowa a fadar ya san gidan da ba a ɗora tukunya sau uku. Dattijon ya faɗi halin da yake ciki ba tare da ya roƙi kowa ba, mutuncinsa na nan. Ga kuma takardar da yake ta juyawa. A 2025 an mai da Hausa harshen ƙasa, amma takardar magani da Faransanci ake rubuta ta, don haka sai ya nemi jikansa ɗan lakwal ya karanta masa.

Ko kuɗinmu ma harshe biyu gare su. Da Hausa dala muke ƙirgawa, kuma dala guda tamma biyar ce, wato sefa 5. Sefa 100 ita ce dala ashirin, sefa 500 dala ɗari, sefa 1000 jaka guda. To wani ma'aikaci da ya saba lissafi da Faransanci ya tsaya wajen mai tsire a Wadata, ya ce: "A ba ni na ɗari." Mai tsire ya yanka, ya barbaɗa yaji, ya sa albasa, ya naɗe a takarda. Mutumin ya miƙa masa ƙwandalar sefa 100. Mai tsire ya dubi kuɗin, ya janye ƙunshinsa a hankali, ya ce: "Yallaɓai, wannan ai ashirin ce. Na ashirin kuwa ƙamshi ne, ka riga ka shaƙa."