Ɗaliban ƙaramar sakandare da fahimtar abin da lambobi ke faɗa

Assalamu alaikum masu kallo, barkanmu da sake haɗuwa daga nan ƙasar waje inda nake zaune. Yau zan yi magana ne a kan ɗaliban ƙaramar sakandare, wato yara masu shekara 12 zuwa 15, da irin fahimtar da suke yi wa lissafi da ƙididdiga. Abin da ke damuna shi ne yaro yakan haddace ƙa'ida har ya ci jarrabawa da ita, amma idan aka ajiye masa lambobi aka ce ya faɗi abin da suke nufi, sai ya rasa ta cewa.

Ku dubi allon da ke bayana. Ɗalibai biyar sun samu maki 40, 45, 50, 55 da 100. Idan aka tara makin aka raba gida biyar, matsakaicinsu zai zama 58, kuma kusan duk yaron da ya je aji zai fitar da wannan amsa. To amma ku lura, huɗu daga cikin biyar ɗin ba su kai 58 ba, domin mai maki 100 shi kaɗai ya ja lissafin sama. Da a ce an jera makin daga ƙarami zuwa babba an ɗauki na tsakiya, wato 50, da an fi kusantar gaskiyar halin da ajin yake ciki. Yaron da ya gane haka da kansa, ya kuma iya bayyana dalilin da ya sa 58 ke ruɗar mutum, shi ne a wurina ya fara sanin ƙididdiga, ko da kuwa hannunsa bai kai na abokansa sauri ba.

Haka abin yake a lissafin kashi cikin ɗari. Idan 100 ta ƙaru da kashi 50 ta zama 150, sannan ta ragu da kashi 50, yara da yawa za su ce ta koma 100, alhali 75 ta koma. Manya ma suna faɗawa wannan tarkon.

Masu nazarin ilimi a duniya sun daɗe da ɗaukar batun da muhimmanci. Jarrabawar TIMSS ta ƙasa da ƙasa a kan lissafi da kimiyya, wadda aka fara a 1995 kuma ake yin ta duk bayan shekara huɗu, tana ware kashi 20 cikin ɗari na lissafin aji takwas, wato kwatankwacin aji biyu na ƙaramar sakandare, ga bayanai da yiwuwar aukuwar abu. Ita kuwa jarrabawar PISA ta OECD, wato ƙungiyar ƙasashe ta haɗin kan tattalin arziki da ci gaba, masu shekara 15 take gwadawa, kuma a zagayen 2022 Singafo ce ta zo ta ɗaya a lissafi da maki 575, yayin da matsakaicin ƙasashen ƙungiyar ya tsaya a 472. Abin da ya burge ni a tsarin Singafo shi ne yaro yana farawa da abin da zai taɓa da hannu, sannan a zana masa shi, sai daga baya a kawo alamomin lissafi.

Wannan aiki ba ya buƙatar kwamfuta. Malami zai iya sa ɗalibai su auna tsayin junansu, su rubuta a jadawali, su zana, sannan ya tambaye su abin da zai faru da matsakaicin idan shi malamin ya shiga layi. Iyaye kuma, idan ɗanku ya ce yawancin 'yan makarantarsu sun fi son wasa kaza, ku tambaye shi mutum nawa ya tambaya, kuma ko dukkansu abokansa ne da suke wasan tare.