Abin da Zuciya Ta Danne, Ina Yake Tafiya?

Mu fara da ɗan gwaji. Daga yanzu zuwa minti ɗaya, kada wanda ya tuna da farin raƙumi. Ku tuna komai, amma ban da shi.

Ya zo, ko? Har da tozonsa.

A 1987, wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Daniel Wegner, ya yi wa ɗalibai irin wannan gwajin, sai dai shi farar dabbar beya ya hana su tunawa. Ya ba su minti 5 su riƙa faɗin duk abin da ya zo musu a rai, ga ƙararrawa a gabansu, in dabbar ta faɗo musu su kaɗa. Suka yi ta kaɗawa. Da aka sake su, aka ce to yanzu ku tuna ta, sai ta riƙa zo musu fiye da waɗanda ba a taɓa hanawa ba. Dalili kuwa, duk abin da ka hana ƙwaƙwalwa tunawa, dole ta ajiye mai gadi yana leƙawa ko ya shigo, kuma leƙen nan shi ne tunawar.

Wannan dannewa ce da saninka. Akwai wadda ta fi ta zurfi, wadda mutum bai ma san ya yi ba, ita ce Sigmund Freud, likitan birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, ya gina aikinsa a kanta. A 1895 shi da abokin aikinsa Josef Breuer suka wallafa labarin marasa lafiyar da jikinsu ke ciwo alhali an duba ba a ga cuta ba. A ganin Freud, idan wani buri ko fushi ko sha'awa ya ci karo da mutumin da kake ɗaukar kanka, zuciya takan tura shi can ƙasa, ta rufe ƙofa. Amma abin ba ya mutuwa, wata ƙofar yake nema. 'Yarsa Anna Freud ce, a 1936, ta zauna ta tsara dabarun da zuciya ke kare kanta da su.

Da yawansu Bahaushe ya riga ya gan su. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani: wannan shi ne jingina wa wani abin da ke cikinka, kai ne mai hassadar amma kullum gani kake kai ake yi wa. Akwai huce haushi, maigida ya ci maka mutunci a wurin aiki ka haɗiye, ka dawo gida ka daka wa yara tsawa. Faɗan da ya fi ƙarfinka ka mai da shi wasa, wannan ma garkuwa ce, kuma George Vaillant, likitan ƙwaƙwalwa na jami'ar Harvard, ya sa raha cikin garkuwoyin da suka fi lafiya. Ku riƙe wannan, domin ba kowace garkuwa ce cuta ba. Wata ita ta riƙe mutum lokacin da ba shi da kowa.

Yanzu mu shiga ɗakin ganawa. A ce wata baiwar Allah ce, shekara 4 tana jinyar mahaifinta da ɓarin jikinsa ya shanye. Yayyenta maza sai dai waya. Kanta na ciwo, barci ya ƙaurace mata, an yi gwaje-gwaje ba a ga komai ba. Likita ya tambaye ta yadda take ji game da yayyen nan. Ta yi dariya ta ce, "Ai ba komai, likita, kowa da uzurinsa."

Gwanin likita ba zai ce mata ƙarya take ba, don ba ƙarya take ba. Zai ce, "Hajiya, na lura sau uku ke nan ina ambaton yayyenki, kowane karo sai ki yi dariya, hannunki kuma ya dunƙule. Kin lura?" Ba ta lura ba. Nan aikin yake farawa.

David Malan, likita a Landan, ya zana wannan da kusurwa uku: a ƙasa ainihin abin da ake ji, gefe guda fargabar da yake tayarwa, ɗaya gefen kuma garkuwar da ke rufe shi. A wurin Hajiya fushi ne a ƙasa, fargabar ita ce "wace irin 'ya ce ni", garkuwar kuma dariya da "ba komai". Habib Davanloo na jami'ar McGill a Kanada ya koya wa likitoci su riƙa karanta fargabar a jiki. In mutum yana ajiyar zuciya, kafaɗa ta ɗaure, to zai iya ɗauka, a ci gaba. In ciki ya murɗa, ido ya fara gani dishi-dishi, tunani ya rikice, an wuce gona da iri, a ja baya a kwantar da shi tukuna. Ni wannan ne ya fi burge ni a aikin, domin fizge garkuwa daga hannun wanda ba shi da wata zalunci ne.

Sai dai a yi hattara. Ba duk abin da Freud ya faɗa kimiyya ta tabbatar ba, kuma har yau masana na jayayya kan ko mutum zai iya binne babban abin da ya faru da shi ɗungurungum. A shekarun 1990 a Amurka, wasu masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa sun yi ta matsa wa mutane sai sun tono abin da wai suka danne, iyalai suka watse kan abubuwan da daga baya wasu suka ce ba su faru ba. A 1995 wata masaniyar halayyar ɗan Adam, Elizabeth Loftus, ta gwada mutum 24, ta sa kusan kashi ɗaya cikin huɗu suka yarda sun taɓa ɓacewa a kanti suna yara, alhali ƙirƙirar labarin aka yi. Duk wanda ya dage sai ka tuno abin da ba ka tuna ba, ka guje shi.

Mu koma wurin Hajiya. Bayan makonni, da murya ƙasa-ƙasa, ta faɗi abin da ba ta taɓa gaya wa kowa ba: wani dare tana juya Baba, zuciyarta ta ce da ma a huta. Tun ranar take azabtar da kanta. Likita bai zabura ba. Ya san tun 1978 wasu masana biyu, Rachman da de Silva, suka nuna cewa yawancin masu lafiya irin wannan mugun tunanin yakan gifta musu, kuma giftawar tunani daban, niyya daban. Ya bar ta ta yi kukanta har ta gama. Da ta share ido, sai ta ce yau da daddare za ta kira babban yayansu, a zauna a raba kwanakin jinya.