Laccar da aka yi kan hukuncin Kyaftin Janeway da ran Tuvix

To jama'a assalamu alaikum, bari mu shiga maganar kai tsaye tunda lokaci ya ja. Yau maganarmu a kan wani kashi ne na shirin Star Trek: Voyager wanda aka haska a Amurka a watan Mayun 1996, sunansa Tuvix, kuma har yau masoya shirin ba su daina cacar baki a kansa ba, wallahi in ka ga yadda ake zafafawa sai ka ɗauka ɗan'uwansu aka kashe.

Ga wanda bai kalla ba, jirgin Voyager ya ɓace ne a can wani ɓangare na sararin samaniya, tafiyar da za ta kai su gida sai ta ci shekara kusan 75. Mutum biyu suka sauka wata duniya ɗebo tsirrai, Tuvok shugaban tsaro da Neelix mai dafa abinci, da na'urar ɗauko mutane ta dawo da su sai wani fure da suka tsinko ya rikita aikin, su biyun suka narke suka zama mutum ɗaya. Shi ne Tuvix, wanda Tom Wright ya fito a matsayinsa. Kuma fa ba dodo ba ne, mutum ne mai hankali, ya riƙe aikin tsaro, ya shiga kicin ya yi girki, ya yi makonni a cikinsu har aka saba da shi.

Sai likita ya gano hanyar raba su. Tuvix ya ce shi fa ba ya so ya mutu, amma Kyaftin Janeway, shugabar jirgin, ta yanke hukuncin a raba su.

Masu kare Janeway lissafi suke kawowa, biyu sun fi ɗaya, Tuvok yana da mata da 'ya'ya a gida, Kes budurwar Neelix tana kukansa, kuma jirgi na cikin halin ƙaƙa-ni-ka-yi yana buƙatar mutanensa. Na ji wannan, ban raina shi ba, wa zai so ya kalli Kes ya ce mata ki haƙura? Amma 'yan'uwa ku duba da kyau, abin da ya sami Tuvok da Neelix tsautsayi ne, ba hannun kowa a ciki, shi kuwa na Tuvix da gangan aka yi, an zauna an yi shawara an yanke, sannan shi bai yi laifin komai ba illa dai ya samu kansa a raye. Kuma ita alƙaliyar, wato Janeway, Tuvok tsohon amininta ne, to ta yaya za a ce zuciyarta ba ta karkata ba?

Wurin da ya fi tsaya min a rai shi ne lokacin da ya bi abokan aikinsa ɗaya bayan ɗaya yana roƙo, kowa ya yi tsit, waɗanda jiya suke cin abincinsa, har 'yan tsaro suka tasa ƙeyarsa zuwa ɗakin magani. Wanda ya ce a'a shi ne likitan, wanda shi ba ma mutum ba ne, hoto ne da kwamfuta ke sarrafawa, ya ce ba zai cutar da wanda bai yarda ba. Sai Janeway ta karɓi allurar ta yi masa da hannunta, ta danna na'urar, Tuvok da Neelix suka bayyana.

Wani ya ce min ai wannan jarumta ce, ba ta ɗora wa kowa nauyin ba. Na yarda ta ɗauki nauyin, amma ni a wurina kisa ta yi, kuma ku koma ku kalli fuskar Kate Mulgrew, wadda ta fito a matsayin Janeway, lokacin da ta fito ita kaɗai daga ɗakin, ni ban ga fuskar wadda hankalinta ya kwanta ba. Malam na can baya na ga hannunka tun ɗazu, bismillah.