Me Ya Sa Ɗalibin Likita Ke Kallon Agogo Alhali Yaro Ba Lafiya?

[Hoto: ɗakin yara a asibitin koyarwa. Uwa rungume da jariri, ɗalibi tsaye da agogo a hannu.]

To, wannan tsayuwar ce ake ta ƙorafi a kanta. Wai an kawo yaro ba lafiya, ɗalibi ya yi ƙiƙam yana kallon agogo, ko taɓa shi bai yi ba. Wasu har cewa suke lokacin tashinsa yake jira. Ku dubi idonsa da kyau, a ƙirjin yaron yake.

[Hoto: aji, ɗakin gwaji, fararen riguna]

Karatun likita a Najeriya shekara shida ne. Ana farawa da aji, sai a shiga asibiti ana zagayawa da su sashe-sashe, har a iso na yara. A nan wanda ya haddace littafi yake gane cewa majinyacinsa ba ya magana. Kuka kawai, wani lokacin da fitsari a farar riga.

[Hoto kusa: uwa ta ɗage rigar jariri, ciki na hawa yana sauka]

Numfashi yake ƙirgawa. Hawa da sauka, ɗaya ke nan. Kuma sai an cika minti guda cur, domin jariri yakan ja numfashi da sauri, ya ɗan tsaya, ya ci gaba. Wanda ya ƙirga na daƙiƙa goma sha biyar ya ninka sau huɗu, ya yi lissafin dokin rano.

[Rubutu a allo]

Ga ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya. Jaririn da bai kai wata biyu ba, numfashi 60 ko fiye a minti ya yi yawa. Daga wata biyu zuwa ƙasa da shekara, 50. Daga shekara ɗaya zuwa biyar, 40. Yaron da ke tari ya kai wannan adadi, ana zargin ciwon huhu, wato namoniya, ɗaya daga cikin cututtukan da suka fi kashe ƙananan yara.

Me ya hana shi taɓa yaron? Gwada ɗora wa ɗan wata takwas abin awon ƙirji mai sanyi ka gani. Da ya tsala ihu, numfashi ya ƙaru, ƙirga ta lalace. Shi ya sa ake barin sa a cinyar uwarsa, in ma yana barci ya fi.

[Hoto a hankali: ƙasan ƙirji]

Ku lura nan. Idan ƙasan haƙarƙari na lotsawa ciki lokacin da yaron ke jan numfashi, huhu na shan wahala ke nan.

[Hoto: ɗalibi ya durƙusa kusa da uwa]

"Maman yaro, tun yaushe ya fara? Yana kama nono? Ya yi jijjiga?"

"Likita, tun shekaranjiya numfashinsa ba irin nasa ba ne."

A ganina, wannan amsar ta fi shafi goma na littafi. Uwa ta san numfashin ɗanta a goye da kuma cikin dare. Ita ce za ta faɗa idan an ba shi jiƙo, ko wanzami ya cire masa beli, amma fa sai ɗalibi ya tambaya ba da tsawa ba. Ya ɗaure fuska, sai ta ce ba a ba shi komai ba.

Wata magana: yaron da ke jijjiga, ko ya kasa shan komai, ko ya galabaita, ba a tsayawa dogon tambaya. Ɗakin gaggawa ake nufa da shi nan take.

[Hotuna da sauri]

Sauran kun saba gani: awon zafin jiki, sikeli, katin rigakafi, igiyar awon damtse don gano tamowa. Kunne da maƙogwaro su ne na ƙarshe, ga dalili.

[Sauti: ihun yaro]