Kwana huɗu ban yi hira da kowa ba sai mai kawo saƙo

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka daga Leeds. Ku yi haƙuri da hasken nan, ƙarfe huɗu ba ta gama cika ba amma gari ya yi duhu kamar bayan isha'i. Haka Disamba take a Ingila.

Wani abin kunya ne ya sa na kunna kyamara yau. Ɗazu mai kawo saƙo ya ƙwanƙwasa ƙofa ya miƙo mini kwali. Maimakon in karɓa in ce na gode, sai na tsare bawan Allah da gaisuwa: ya sanyi, ya aiki, ya iyali? Yana ja da baya yana waiwayen motarsa, ni kuwa ina ta zuba. Sai da ya tafi na zauna na yi lissafi. Rabona da in yi magana da mutum ido da ido tun sallar Juma'a. Yau Talata! Ni da na tashi a Fagge, gidan da zaurensa ba ya rabo da mutane.

Kuma fa ni ne nake yi wa abokaina burga da cewa daga gida nake aikin ofis. Ba na biyan kuɗin jirgin ƙasa zuwa ofishinmu a Manchester, wajen fam 20 a rana, ba ruwana da sanwicin fam 5 mai sanyi kamar daga rijiya aka ciro shi. In dafa shinkafa da wake da mai da yaji, in yi azahar a kan lokaci. Har hujja nake kafawa da binciken Nicholas Bloom na jami'ar Stanford, wanda ya fito a 2015. A Ctrip, wani kamfanin tafiye-tafiye na Shanghai, aka yi shi, a kan masu amsa wayar kwastomomi. Aka raba su da ranar haihuwa, wasu suka koma gida tsawon wata tara, wasu suka ci gaba da zuwa ofis. Aikin na gida ya ƙaru da kashi 13 cikin ɗari, masu ajiye aiki a cikinsu suka ragu da rabi. Wannan 13 ɗin na haddace, duk wanda ya ce mini malalaci sai in jefe shi da ita.

Sauran labarin ne ba na faɗa. Da aka gama gwajin aka ce kowa ya zaɓa, kusan rabin na gidan suka ce a mayar da su ofis, kuma kaɗaici na cikin manyan dalilansu. Sannan ƙarin girma ya yi musu wuya fiye da takwarorinsu da shugaba ke gani kullum. Da na fara karanta wannan dariya na yi. Yau da na ga yadda mutumin nan ya gudu daga ƙofata, dariyar ta ƙare.

Umma kuwa har yanzu ba ta yarda ina da aiki ba. Duk kiran da za ta yi ta same ni a gida da jallabiya, sai ta sassauta murya ta ce, "In korarka suka yi ka faɗa mini, ba abin kunya ba ne." Na nuna mata kwamfuta, na nuna mata katin ma'aikaci, a banza. Amma dai ku yi tunani, a can gida Najeriya wa zai bar ka ka yi aikin ma? Wuta ta ɗauke, data ta ƙare, ga baƙo ya yi sallama dole ka fito, ga ƙanwar baba ta aiko a kai ta asibiti tunda kana zaune. A da haushi abin yake ba ni. Yanzu ko aiken ma nema nake.

Shi dai Bloom ya sake komawa kamfanin, yanzu sunansa Trip.com, sakamakon ya fito a mujallar Nature a 2024. Ma'aikata 1,612, wasu kwana biyu a gida uku a ofis. Ingancin aiki bai ragu ba, ƙarin girma bai taɓu ba, masu barin aiki suka ragu da kashi ɗaya bisa uku. Shi ya sa, duk da cewa makon jiya da manajata ta tambaya ko zan riƙa leƙo ofis na yi ta noƙewa, ɗazu da kaina na tura mata saƙo na ce na yarda.

Ɗan'uwa, in ka zo ƙasar nan kai kaɗai aka ba ka aiki daga gida zalla, kar murna ta rufe maka ido. Kuɗin jirgin da ka tsira da shi, na ɗumama ɗaki zai cinye rabi, na watan jiya sai da na yi salati. Ka sha bitamin D, hukumar lafiyarsu ma ta ce masu fata irin tamu su sha tsawon shekara, rani da damina. Kuma kar ka ajiye kwamfuta a ɗakin kwana, ni na yi, ƙarfe sha ɗaya na dare ina amsa imel a kan gado.

Bari in tashi, gobe jirgin ƙarfe bakwai zan bi, kuma ban ma san inda na jefa dutsen guga ba.