Wayarka ce ko netwok? Maƙalewar gem iri biyu ce

Assalamu alaikum jama'a. Ku fara kallon wannan. Ga ni na zagayo bayan katanga, na ɓuya sarai, babu ko yatsana a waje. Ɗaya, biyu... na mutu. Mu sake kallo a hankali. Kun gani? Harsashin ya biyo ni har bayan bango kamar mai bin bashi.

Tun da na sa wannan guntun bidiyon ake ta musu. Wasu na cewa wayata ce ta tsufa, wasu na cewa in ƙaro data. Akwai ma wani ƙanina a Tudun Wada da ya sayar da wayarsa, ya cika kuɗi ya sayo babba. Bayan kwana biyu ya kira ni: "Yaya, wallahi har yanzu yi take." Dole ta yi mana, ai ba ita ce mai laifin ba.

A watan nan na buga gem kala huɗu, kuma da su zan nuna muku abin.

Elden Ring na fara ɗauka, na kamfanin FromSoftware na Japan, wanda ya fito a 2022. Na san na makara, kada ku dame ni. Ƙasar cikinsa faɗi gare ta, babu mai riƙe maka hannu, kuma akwai wani dodo mai sanda, Margit, da ya kashe ni har na daina ƙirge. Ku kalli yadda yake ɗaga sandar ya tsaya, sai ka yi tsalle tukuna ya sauke. Mugu ke nan. Abin lura shi ne wannan gem ɗin kana iya buga shi kai kaɗai babu intanet. Saboda haka in ya maƙale, kada ka zagi netwok, injinka ne.

Wannan ita ce maƙalewa ta farko. Gem hotuna ne ake jerowa da sauri, yawan hoton da ke fitowa a daƙiƙa shi ne FPS ɗin da kuke gani a saitin. In waya na fitar da hoto 60 a daƙiƙa, motsi sumul yake. In ta sauko 20, sai ka ga hoton yana tsinkewa. Me ke sauko da ita? Sau da yawa zafi. Waya in ta ɗau zafi da kanta take rage ƙarfin aikinta don kada ta lalace. To ka haɗa zafin Kaduna na Maris da Afrilu, ga ta a caji, ga riga mai kauri a jikinta, ga ka ƙure kyan hoto. Cire rigar, zare cajin, sauke saitin. Shi ke nan, wannan ba ta da wuya.

Ta biyun ce ke rikita mutane, nan zan zauna.

Call of Duty: Mobile, wanda ya fito a 2019. Ku dubi wannan 'yar lambar a gefen allo, mai ms a jikinta. Ita ce ping. A gem ɗin da ake bugawa da mutane ta intanet, ainihin wasan ba a wayarka yake gudana ba. Akwai wata babbar kwamfuta a wata ƙasa, saba, ita ce alƙali. Ka danna harbi, saƙo ya tafi wurinta, ta yanke hukunci, amsa ta dawo. Tsawon lokacin zuwa da dawowar nan shi ne ping, kuma ms ɗaya daƙiƙa ce aka raba gida dubu.

To daga Kaduna ina saƙon yake bi? In sabar tana Turai, sai ya gangara Legas, ya shiga wayar da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku. Ɗauki ta MainOne, wadda ta fara aiki a 2010: daga Legas zuwa Fotugal wajen kilomita 7,000 ce. Saƙon a matsayin haske yake tafiya a cikin irin wannan waya, yana cin kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa. Zuwa da dawowa kilomita 14,000, lissafi ya ba ka ms 70. Wannan fa teku kawai, ba a sa tafiyar Kaduna zuwa Legas ba, ba a sa tsalle daga wayarka zuwa ƙarfen sabis na unguwarku ba. Masu tuna 14 ga Maris 2024, ranar da wayoyin tekun nan suka katse a wajen gaɓar Kwaddibuwa, sun san yadda muka ji a jikinmu.

Yanzu ku gane abin da ya faru da ni a bayan bango. A allona na riga na ɓuya. A allon wanda ya harbe ni ina nan a fili, domin labarin ɓuyata bai isa ba tukuna. Alƙali ya duba, ya ce harbi ya ci. Hotona kuwa lafiya lau yake tafiya, ba tsinkewa. Wannan ce shaidar: hoto sumul, amma abin da ka yi ba ya aukuwa a kan lokaci, ko ka ruga gaba a fizgo ka baya kamar an ɗaure ka da roba.

Batun ƙaro data kuma. Jirgin ƙasan da ke tashi daga Rigasa zuwa Idu, in ka ƙara masa tarago goma, zai ɗebi mutane da yawa, amma Abuja ba ta matso ba. Haka data take. Wasan awa guda bai cin abin da kallon TikTok na rabin awa ke ci. Saƙonnin gem ƙanana ne, sauri suke so.

Ƙwallo ma haka. Na buga EA Sports FC a gidan gem a Kawo, kodayake yaran wurin har gobe FIFA suke ce masa, ba ruwansu da cewa FIFA 23 ne na ƙarshe da sunan. Fad biyu, wato abin da ake riƙewa ana dannawa, talabijin ɗaya, ping babu. Na ci wani yaro uku da ɗaya, ya ce fad ɗin ne. Da daddare na hau intanet a gida, sai na danna fasin, ɗan wasa ya yi tunani tukuna ya bayar.

Inda abin ya fi ciwo shi ne gem ɗin dambe. Tekken 8 na 2024 a kan hoto 60 yake tafiya, kowane hoto wajen ms 17. Ping 100 hoto shida ke nan, kuma akwai naushin da ke fita a hoto goma. Ni dai shawarata, wannan ku buga shi kafaɗa da kafaɗa, ya fi daɗin tsokana ma. Ludo kuwa, ko ping ɗinka ya kai na wasiƙar gidan waya, mama za ta cinye ka.

Gwajin da na ba ƙanina minti biyu ne. Buɗe gem ɗin da ba ya bukatar intanet, kashe data, ka buga. In ya tsinke, waya ce. In sumul ne, koma ka zuba wa lambar ms ido. In tana tsaye wuri guda, ko da ta ɗan yi yawa, hannu yana sabawa. In tana tsalle daga 90 zuwa 300, nan ne tashin hankali. A unguwarmu bayan Isha'i take wannan haukar, lokacin da kowa ya kwanta da waya a hannu, da asuba kuwa kamar ba ita ba. Duba ko wani ya hau hotspot ɗinka yana sauke fim. Mai PlayStation kuma ya sa kebul daga rauta zuwa inji, ya bar Wi-Fi. In gem ɗin ya ba ka zaɓin saba, ɗauki mai ƙaramar lamba, ko da abokanka suna wata.

Bari in koma wurin mai sandar nan. Ga shi ya ɗaga... ban tsalle ba... ban tsalle ba... Kai! Wannan kam ni ne.