Daga Badagry zuwa Epe: Abin da Masunta Ke Nema a Lokacin Zaɓe

Malam Habu: Assalamu alaikum, masu sauraro, barkanmu da sake saduwa daga nan Agege. Tun da an soma kaɗa gangar siyasar 2027, mun ga ya dace mu waiwayi tafiyar da muka yi a bakin tekun Legas cikin watan Fabrairun 2023, ana gab da zaɓen shugaban ƙasa. Ina tare da Hajiya Rabi, wadda ta daɗe tana fataucin kifin banda, da ƙaninmu Bashir, wanda shi ne ya ja mu a mota. Hajiya, daga ina za mu fara?

Hajiya Rabi: Malam, mu fara daga Badagry, domin a can na ga abin da har yau yake damuna. Ka tuna a lokacin ne Babban Bankin Najeriya ya sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000, kuɗi suka yi ƙaranci a hannun jama'a. Mai hatsi zai iya rufe rumbunsa ya jira, amma ɗanyen kifi ba ya jiran kowa. Na tsaya kusa da wata mata 'yar ƙabilar Egun, an sauke mata daro biyu na kifin shawa da sassafe, masu saye sun kewaye ta, kowa da waya a hannu yana son tura kuɗi ta banki, ita kuwa ba ta da asusu. Kafin azahar ta hura wuta a ƙarƙashin ganga, ta jera kifin a kan raga, hayaƙi yana shiga idonta, tana bandar abin da ta so ta sayar ɗanye, ga kuɗin itace ya hau kanta. A bangon da ke bayanta fastocin 'yan takara ne wani a kan wani.

Bashir: Ni kuwa, Yaya, fetur ne ya fi tsaya mini a rai. Mu da muka taso a Arewa, idan aka ce su, wato kamun kifi, sai mu tuna Argungu ko Yawuri, da masunci da gorarsa da homarsa. A teku lamarin ya sha bamban, domin galibi jirgin katako ba ya keta igiyar ruwa sai da inji, inji kuma sai da fetur. A ƙauyukan da ke wajen Seme, kan iyakar Najeriya da Jamhuriyar Benin, an gaya mana cewa tun 2019, da aka hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, suke ɗauko shi a jarka daga nesa. Daga baya, ranar 29 ga Mayun 2023, aka cire tallafi, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa kusan 500 cikin 'yan kwanaki. Masuncin da ya fita ya dawo babu kamu, bashin man yana nan a wuyansa.

Malam Habu: Daga nan muka juyo, muka ratsa cikin gari, muka bi gadar Third Mainland inda ake hango Makoko da gidajenta a kan ruwa. Hajiya, a nan ne kika ce mana matsalar ta wuce ta mai.

Hajiya Rabi: Ƙwarai kuwa, domin babbar fargabar masunci a Legas ita ce matsuguni. A watan Yulin 2012 an rushe wani sashe na Makoko bayan wa'adin sa'o'i 72. A Otodo Gbame da ke Lekki, tsakanin Nuwamban 2016 da Afrilun 2017, an raba dubban mutane da gidajensu, har wasu suka koma kwana a cikin kwale-kwale, kuma a watan Yunin 2017 Babbar Kotun Jihar Legas ta ce korar jama'a ba tare da sama musu wurin zama ba ta saɓa wa tsarin mulki. Wanda aka tasa daga unguwarsa, rumfar zaɓen da ya yi rajista tana can inda ya baro. Ni a ganina wannan zalunci ne ninki biyu, an raba shi da gida, an kuma nisanta shi da akwatin da zai kai kukansa.

Bashir: Wataƙila yana cikin dalilan da suka sa fitowar ta yi ƙaranci. Masu rajista a Legas sun haura miliyan 7, amma ƙuri'un da aka kaɗa a zaɓen shugaban ƙasa na ranar 25 ga Fabrairun 2023 ba su kai miliyan ɗaya da rabi ba, kuma tazarar da Peter Obi ya ba Bola Tinubu a jihar ba ta kai 10,000 ba.

Malam Habu: Ka ga ke nan ƙuri'ar unguwar masunta guda ɗaya tana da nauyi. Sai hanyar Ibeju-Lekki, inda muka yi ta kauce wa manyan motoci har muka wuce sabuwar tashar jiragen ruwa da matatar Dangote, wadda aka gina domin tace ganga 650,000 a rana. Babu mai ƙin ci gaba, kuma 'yan uwanmu da yawa suna cin abinci a wurin. Tambayata ita ce, a ina masunci zai ɗaure jirginsa idan katanga ta cinye gaɓa? Yanzu ga titin bakin teku na Legas zuwa Kalaba da aka soma a 2024, shi ma ta gaɓar ya bi.

Hajiya Rabi: A kasuwar kifi ta Oluwo da ke Epe, inda muka ya da zango, mata ne ke riƙe da ciniki, tarwaɗa da ƙarfasa suna motsi a cikin baho. Da na tambayi wata dattijuwa abin da take so daga 'yan takara, ba ta ambaci shinkafa ko atamfa ba. Ta ce a ba su wutar lantarki da ɗakin sanyi, a kuma ba mazajensu takardar mallakar inda suke sauke kaya, domin ta gaji da ganin kifin ƙanƙara na ƙasashen waje yana kashe musu kasuwa alhali nasu yana ruɓewa a gaɓa.

Bashir: Malam, idan Allah ya kai mu lokacin kamfen, ina so mu koma garuruwan nan da na'urar naɗar murya, mu kai wa kowane ɗan takarar gwamna waɗannan buƙatu, mu kuma sa wa masu sauraro amsarsa.

Malam Habu: Allah ya nuna mana. Hajiya, ke za ki nema mana izinin shugabannin kasuwar Epe kafin mu tashi.